Darasi: Yadda Aka Haɗa Hannu Don Yaƙar Sanƙarau

Manya daga cikinmu ba su manta da shekarar 1996 ba. A annobar 1996 zuwa 1997 sanƙarau ya kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ya kashe fiye da 25,000, arewacin Nijeriya da Nijar kuwa suna cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Cutar takan zo da rani, daga hunturu zuwa bazara, a ƙasashen da suka miƙe daga Senegal har Habasha. Darasinmu na yau shi ne yadda masana na ƙasashe dabam-dabam suka raba aiki har aka karya lagonta.

Matsalar

Akwai allurar rigakafi a lokacin, amma tana da rauni uku. Ba ta kāre yara 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, ƙarfinta yakan gushe bayan 'yan shekaru, kuma ba ta hana mai lafiya ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaronsa yana yaɗa ta. Saboda haka sai annoba ta ɓarke ake rugawa da ita.

Rabon aiki

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Kafin a shiga ɗakin bincike, sai da aka tambayi jami'an lafiya na Afirka abin da ƙasashensu za su iya saya. Amsarsu ta zama ma'auni: kada allura ɗaya ta wuce rabin dalar Amurka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masana na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka suka ba da dabarar ɗaura ɓawon ƙwayar cutar a kan wani sinadari, domin jiki ya daɗe yana gane ta. Wani kamfani a Holan ya fara samar da ɓawon. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya ɗauki nauyin sarrafawa. Aka gwada allurar a Indiya, Mali, Gambiya, Ghana da Senegal.

Sakamako

A Disamba 2010 aka fara amfani da MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Nijeriya ta bi a 2011. Zuwa yau an yi wa fiye da mutum miliyan 300, nau'in A kuma, wanda ya haddasa annobar 1996, ya kusa ɓacewa.

Sai dai sanƙarau ba iri ɗaya ba ne. A 2017 nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato. Aka ci gaba da bincike, a 2024 kuwa Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kāre mutum daga nau'i biyar.

Namu rabon

Aikin masana ba ya cika sai iyaye sun kai yara. In aka ga zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti a ranar, domin cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa aka tsai da farashi tun kafin a fara bincike?
2. Yara nawa ne a gidajenmu ba a yi musu rigakafi ba?