Karatun Kiwon Lafiya ta Intanet Zai Kai Ni?

Tambaya: Ina da yara uku, ina son aikin lafiya a unguwarmu. Zan iya karantawa daga gida?

Amsa: 'Yar'uwa, ya danganta da aikin da kike nema. Jami'ar NOUN tana ba da digirin lafiyar al'umma daga gida, kuma hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da ita. Amma in burinki zama ma'aikaciyar lafiyar al'umma (CHEW) a asibitin sha-ka-tafi, sai kin yi shekara 3 a makarantar fasahar lafiya, sannan hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta CHPRBN ta ba ki lasisi. Auna hawan jini, ko lallashin uwa ta kawo jaririnta rigakafi, a gaban mutane ake koyonsu. Kafin ki biya ko kwabo, ki tambayi wace hukuma ce ta amince da takardar shaidar karatun.