Ƙidayar Suna da Kore Samuwa a Turkanci da Hausa

'Yan kasuwar Kano da ke zuwa Istanbul sarin tufafi sukan fara koyon Turkanci da abu biyu: ƙidaya da tambayar ko akwai kaya. A nan ne harsunan biyu suka yi kama, kuma kamar ce ke jefa ɗalibi cikin kuskure.

Turkanci na gina jam'i da ɗafa-ƙeyar -ler ko -lar, gwargwadon wasalin ƙarshe na kalma: ev "gida", evler "gidaje", kapı "ƙofa", kapılar "ƙofofi". Amma da zarar lamba ta gabaci suna, tilo ake amfani da shi: üç kapı, ba üç kapılar ba. Hausa ta yarda da "ƙofa uku" da "ƙofofi uku" duka, don haka kunnen Bahaushe ba ya jin aibin jam'in. Kalmar tane kuwa aikin "guda" take yi: beş tane gömlek, "riga guda biyar".

Samuwa da rashinta na rataye ne a kan var "akwai" da yok "babu", waɗanda ke zuwa a ƙarshen jimla. Tsohuwar Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 wajen faɗaɗa hanya, ta isa misali: Eski kapı yok, "babu tsohuwar ƙofar". Kamar yadda Hausa ta raba "babu" da "ba ... ba ce", haka Turkanci ya raba yok da değil: Bu eski kapı değil, "wannan ba tsohuwar ƙofar ba ce". Sai dai yok na karɓar alamar lokaci, yoktu, alhali "babu" sai an jingina ta da "a da" ko "jiya".

Wurin da ya fi wuya shi ne mallaka. Baturke kan ce param yok, wanda kalma bayan kalma yake nufin "kuɗina babu". Ga Bahaushe, wannan kukan wanda aka yi wa sane ne. Ga Baturke, "ba ni da kuɗi" kawai ake nufi. Mai ciniki da ya ɗauki ma'anar farko zai yi jaje a inda ake neman ragi.

Rashin da ke siffanta suna kuma ɗafa-ƙeya ce mai siga huɗu, -sız, -siz, -suz, -süz: şekersiz çay, "shayi maras sukari", susuz köy, "ƙauye maras ruwa". Wasali ne ke zaɓen sigar, ba adadi ba, saɓanin "maras" da "marasa".