Darasin Uwargida: Girkin Itace Ba Tare da Cutar Hayaƙi Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan murhu ne. Ko mai gas ce ke, ranar suna ko biki, ko ranar da gas ya ƙare, dole ki koma ga duwatsun nan uku. To sai dai hayaƙin da muka saba shaƙa ba ƙaramar illa yake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ga abubuwan da za ki kiyaye:

1. Busasshen itace. Ɗanyen itace sai ya ƙone ruwan jikinsa kafin ya ba da zafi, shi ya sa yake tuƙa hayaƙi. Ki faskara shi ƙanana ki shanya. Marke da ƙirya suna da garwashi mai daɗewa.

2. Kar ki cusa itace da yawa. Wuta da iska take ci. Ki bar tsakani, ki riƙa kwashe toka kafin ki hura.

3. Ki kewaye murhun da laka, ki bar ƙofa ɗaya ta sa itace, don zafin ya hau gindin tukunya. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi na Nijar ma haka yake rage cin itace.

4. Rufe tukunya, kuma ki jiƙa wake tun dare. Girki ya yi sauri, zamanki a gaban wuta ya ragu.

5. Don Allah a daina hura wuta da leda ko tsohon silifa. Hayaƙinsu guba ne. Kara da ƙirare sun isa.

6. Sauke goyo. Huhun jariri bai yi ƙwari ba, hayaƙi na jawo masa ciwon nimoniya. Ki yi girki a tsakar gida, ko madafa mai taga.

7. Lokacin hunturu kar a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

In kuwa yaro ya ƙone, ki zuba wa wurin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, sannan asibiti. Ban da manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki.

Aikin gida: wannan makon ki lura da itacen nawa kike ƙonawa, ki gwada lamba 3 da 4, mako mai zuwa ki kwatanta. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.