Bikin Unguwa: Wa Za Ka Gayyata?

Karatu: Luka 14:12-24

A ƙasar Amurka ikilisiyoyi da yawa suna da wata al'ada a lokacin zafi, tsakanin watan Yuni da Agusta. Sukan nemi izini daga hukumar gari, a rufe titin da ke gaban majami'a na yini ɗaya. A gasa nama, a kawo abin sha, a shirya wa yara wasanni, wasu ma har su raba jakunkunan makaranta. Ba wanda zai biya ko sisi, ba a kuma tambayar kowa addininsa. Manufarsu ita ce maƙwabcin da bai taɓa taka ƙofar majami'a ba ya san fuskokin waɗanda ke sujada a ciki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ran Kirsimeti mukan aika wa maƙwabta shinkafa da nama, su ma ran Salla su aiko mana. To, idan ikilisiyarku ta ce za ta yi wa dukan unguwa biki kyauta, me Maganar Allah ta koya mana?

Yesu ya yi wannan koyarwa ne ran Asabar, yana cin abinci a gidan wani shugaban Farisiyawa. Ya gargaɗi mai gidan kada ya tsaya ga kiran abokai da dangi da maƙwabta masu arziki, domin waɗannan za su rama masa. Ya ce ya kira matalauta da naƙasassu da guragu da makafi. Ladan irin wannan biki sai ranar tashin masu adalci. Sa'an nan ya ba da misalin mutumin da ya yi babban biki, amma waɗanda ya gayyata suka kawo hujja: wannan ya sayi gona, wancan shanun huɗa, ɗaya kuma ya yi aure. Sai aka aiki bawa titi-titi, lungu-lungu, har bayan gari, domin gidan ya cika.

Ka lura, bawan ne ya fita. Gurgu da makaho ba za su zo don an yi sanarwa ran Lahadi ba. Sai an je ƙofar gidajensu. Ku fara da gaida mai unguwa da dattawa, ku faɗa musu a fili cewa ikilisiya ce ta shirya bikin, saboda ƙaunar Almasihu. Ku nemi yardar iyaye kafin a tara yaransu.

Na biyu, ka tanadi abin da baƙonka zai ci da kwanciyar rai. Idan maƙwabtanka Musulmi ne, a ba mahaucin da suka amince da shi ya yanka dabbar. Kada a sa bikin da rana a watan azumi, kada kuma kiɗa ya hana su salla. Yaƙub 2:1-4 ya hana mu ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, mu bar matalauci a tsaye. Kada manya su zauna a inuwa a kai musu tsoka, gwauruwa da almajiri kuwa suna layi cikin rana suna jiran romo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na uku, abinci ba tarko ba ne. Idan ka riƙe kwano sai mutum ya saurari wa'azi, ka mai da kyauta ciniki, shi ma zai gane. Yesu ya ciyar da mutum 5,000, yana sane cewa washegari da yawa za su neme shi saboda gurasa kawai (Yohanna 6:26). Duk da haka ya ciyar da su, ya kuma faɗa musu gaskiya. Kai ma kada ka ɓoye sunan Yesu, kada kuma ka tilasta wa kowa. Wanda ya tambaye ka dalilin begenka, ka amsa masa da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15).

Bayan an naɗe tabarmi, aikin bai ƙare ba. Tsohuwar da ta ci abinci a wurinku, wa zai duba ta idan ta kwanta ciwo? Ka tuna, kai ma a bakin hanya aka same ka, ba ka da abin biya, Allah ya zaunar da kai a teburinsa ta wurin Ɗansa.

Abin yi: Ka rubuta sunayen maƙwabta 3 waɗanda ba za su iya rama maka ba. Ka yi musu addu'a, ka ziyarce su a wannan mako.

Addu'a: Ya Uba, ka kira ni bikinka ban cancanta ba. Ka buɗe hannuna da ƙofata ga maƙwabtana, ka tsare ni daga neman yabo da ramako. Cikin sunan Yesu. Amin.