Dokar Hakkin Mai Fid Da Sabon Iri: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Tun zamanin En'e, manoman ƙasar Makama a Bakori, da na Sarkin Maska a Funtuwa, da na Galadima a Malumfashi, sun saba da karɓar irin auduga daga hannun Gwamnati. A Samaru ake zaɓensa, a yawaita shi a gonar Daudawa, sa'an nan a raba wa talakawa ta hannun Hakimai da Dagatai. A lokacin nan ba wanda ya ke tambayar ko irin na wane ne. Yanzu kuwa akwai doka a kan wannan, kuma wajibi ne shugabannin jama'a su san ta.

Asalin Dokar

A watan Mayu na 2021 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Kare Sababbin Irin Shuka. Ofishin da ke kula da ita yana ƙarƙashin Hukumar Irin Shuka ta Ƙasa, watau NASC. A 2025 kuma Nijeriya ta shiga UPOV, ƙungiyar ƙasashen da ke da irin wannan doka, mai mazauni a Janeba.

Dalilin dokar shi ne, fid da sabon iri aiki ne na shekaru. Masanan Samaru, inda aka kafa tashar bincike tun 1922, sukan yi damina bayan damina suna gwaji kafin su sami masarar da za ta jure wa ƙuduji ko fari. In kowa na iya kwashe wannan iri ya sayar ba izini, mai wahala ya tashi a tutar babu, gobe kuwa ba wanda zai sake zuba dukiyarsa a aikin.

Abin Da Doka Ta Ba Mai Iri

Ba a yi wa iri rajista sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya zama sabo, ya bambanta da waɗanda aka sani, tsironsa ya zo bai ɗaya, kuma halinsa ya tabbata, kada ya sāke in an maimaita shukarsa. In an yi rajista, hakkin yana tsayawa shekara 20, na itatuwa kuwa shekara 25. A cikin waɗannan shekaru ba mai yawaita irin don ciniki, ko ya sayar da shi a matsayin iri, ko ya fita da shi ƙasar waje, sai da yardar mai shi. In wa'adi ya cika, irin ya zama na kowa.

Abin Da Doka Ba Ta Taɓa Ba

Nan ne inda jita-jita takan shiga, har waɗansu su ce za a hana talaka ajiye iri a rumbunsa. Ba haka abin ya ke ba. Irin gado, kamar dawa farafara da kaura, ba sabo ba ne, saboda haka ba mai ikon yi masa rajista ya ce nasa ne. Haka kuma ba kowane ingantaccen iri ke ƙarƙashin dokar ba, sai wanda aka nemar wa rajista. Wanda ya shuka don cin gidansa, ba don ciniki ba, ba shi da laifi. Wanda ya sayi iri ta hanyar halal, ya noma, ya kai hatsinsa kasuwar Bakori, shi ma ba shi da laifi. Amma mai ɗura hatsin nan a ƙananan buhuna, ya rubuta sunan iri mai rajista, ya sayar wa manoma da sunan iri, ya shiga hakkin wani. Ya kuma saɓa wa Dokar Iri ta 2019, wadda ta ce dillalin iri sai da rajistar Hukuma.

Waɗansu ƙungiyoyi sun soki dokar, suna tsoron kada ta fifita manyan kamfanoni a kan ƙaramin manomi. Wannan ya ƙara wajabta sa ido a kan yadda ake aiki da ita.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

1. Kafin faɗuwar damina, a tara Dagatai da Masu Unguwa da Sarakunan Noma, a karanta musu bayanin nan.

2. A gargaɗi manoma su sayi iri wurin dillali mai rajista, su karɓi rasiɗi, su adana buhun da lambarsa har kaka.

3. A tuna musu cewa masara mai aure ba ta maimaita albarkarta in an shuka 'ya'yanta. Wannan halin irin ne, ba hukuncin doka ba.

4. In ƙara ta zo, Malami ya rubuta sunan iri, da inda aka saye shi, da ranar, a sanar da malamin gona. Hukunci a kan hakkin iri na kotu ne, ba na zauren Hakimi ba.

Manomin da aka cuce shi a iri ba ya ganewa sai shuka ta yi nisa, lokacin da gyara ya wuce. Saboda haka rigakafi ya fi magani.