Furen da ke jure rani: me ke kashe shi, yaya za a kula da shi?

Ƙorafin da masu son fure a Birnin Gwari da kewaye suka fi kawowa shi ne: an sayi shukar da aka ce tana jure fari, ana ba ta ruwa safe da yamma, amma ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi, ta mutu. Yawanci ba ƙishirwa ta kashe ta ba, ruwa ne ya yi mata yawa. Ƙasarmu ba sahara ba ce. Damina na kai mu daga Mayu zuwa Oktoba, a watan Agusta kuwa ƙasa kan kwana a jiƙe, saiwa ta rasa iska ta ruɓe.

Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya isa malami. Ba a tsakiyar damina itatuwa da yawa na irin wannan daji ke fure ba, sai rani ya kankama. Gurjiya da minjirya kan zubar da ganye sannan su fito da jan fure. Sansami ma haka yake yi da nasa furen. Rawaya kuwa daga ƙasa take ɓullo da furenta bayan gobarar daji ta wuce, domin ta adana abincinta a saiwa. Bushewar ƙasa ita ce ke sanar da su lokacin fure ya yi. Wanda ya hana shukarsa wannan hutu zai samu ganye, ba zai samu fure ba.

A tukunya, ƙariya ce kan gaba. Kaurin gindinta rumbun ruwa ne, tana kuma son rana tsantsa. Zabuwa mai ganye mai kauri ita ma ba ta da wahala. A jikin katanga a sa bugenbiliya, wadda asalinta Kudancin Amurka ne amma ta karɓi ƙasarmu, ko lalle mai ƙamshin fure. Mai fili ya kafa reshen minjirya a shinge, yana kamawa cikin sauƙi.

Aikin farko shi ne tukunya. Ta ƙasa ta fi ta roba, don tana numfashi kuma ba ta dafa saiwa a zafin Maris da Afrilu. Ko tsohuwar randa ta isa, muddin an huda gindinta. A haɗa kashi 2 na yashin rafi mai tsakuwa, kashi 1 na ƙasar gona, kashi 1 na takin shanu da ya ruɓe sarai, a barbaɗa dakakken gawayi. A guji laka da ɗanyen taki: laka na riƙe ruwa, ɗanyen taki na ƙona saiwa ya kuma jawo gara. A ɗora tukunyar kan duwatsu don ruwa ya tsiyaye.

Wajen ban ruwa, yatsa ne ma'auni. A tura shi cikin ƙasa; in da sauran danshi, a bari. In ta bushe, a zuba har ruwa ya fito ta ƙasa, da sassafe ko da yamma. Da hunturu, idan ƙariya ta zubar da ganye, ba ciwo ba ne, a rage ruwa kawai. Da damina a janye tukwane zuwa ƙarƙashin rumfa inda rana ke shiga. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna da amfani, amma ban da mai omo ko gishiri. Wadda aka dasa a ƙasa, a yi mata tudu, a riƙa ba ta ruwa a ranin farko har saiwa ta nutsa.

Idan gindi ya fara laushi, a tumɓuke shukar, a yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta, a shafa toka, a bar ta a inuwa kamar mako guda kafin a mayar da ita cikin busasshiyar ƙasa. Reshen da za a dasa ma a bar bakinsa ya bushe tukuna.

Gargaɗi biyu. Ruwan jikin ƙariya dafi ne, har maharba sun yi amfani da shi a kibiya. A nisanta ta daga yara da awaki, a wanke hannu bayan an taɓa. Na biyu, kada kowa ya shiga daji haƙo shuka. Doka ta hana cire tsiro a gandun daji, ga kuma matsalar tsaro a daji. Iri ko reshe daga maƙwabci ko masu sayar da fure a Kaduna ya wadatar. Mai farawa ya fara da tukunya ɗaya, ya ga ta tsallake damina lafiya, sannan ya ƙara.