Kowane Lokaci da Abin Shansa

Mu mutanen karkara rabin rayuwarmu a waje take. Manomi yana gona, makiyayi yana daji, mata suna wurin itace da rijiya, samari suna fagen kokowa. Duk wanda ke aiki a waje yana zufa, kuma zufa ruwan jiki ce ke fita. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Darasinmu na yau a kan abin sha ne: wanne ya dace da wane lokaci, kuma yaya za mu haɗa shi a gida da abin da ƙasarmu ke ba mu.

Me ya sa muke zufa?

Ku dubi randa. Ruwa yana tsatsowa ta jikinta, iska ta busar da shi, sai na ciki ya yi sanyi. Haka jikin mutum yake. Zufa tana fitowa, iska ta busar da ita, jiki ya huce. Amma randar da ba a ƙara mata ruwa, wata rana sai a iske ta ƙafe. Mai aiki cikin zafin rana yana iya zubar da zufa lita guda cikin awa ɗaya, kuma gishirin jiki yana fita tare da ita. Shi ya sa kuke ganin farin zane a bayan rigar manomi in ta bushe.

Wata shekara da bazara, wani maƙwabcina ya tafi sassabe tun da asuba. Uwargidansa ta biyo shi da gora har ƙofar gida.

Ta ce: "Malam, ga ruwan tsamiya, ka tafi da shi."

Ya ce: "Bar shi, yanzu zan dawo."

Bai dawo ba sai bisa amalanke. Yara masu kiwo ne suka gan shi kwance gindin gawo, bakinsa ya bushe, bai san inda yake ba. Allah ya sa da sauran kwana gaba. Kwana biyu ya yi a gidan likita, aikin gona kuma ya tsaya mako guda. Gora ɗaya ce ta jawo duk wannan.

Bazara: tsamiya da ƙwame

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Yamai da Damagaram. Lokacin nan ne ake sassabe da kai taki gona. Abin shan bazara shi zan mai ruwa-ruwa, mai ɗan tsami, sukari kaɗan.

A ɗauki tsamiya cikin hannu guda, a wanke, a jiƙa ta cikin ruwan zafi lita 2. Bayan awa ɗaya a mutsuke, a tace. A sa sukari kaɗan da ɗan gishiri, abin da yatsa biyu suka ɗauka. Kada tsamiyar ta yi yawa, don tana sakin ciki.

Ƙwame, wato ɗan kuka, shi ma haka ake yi masa. A fasa, a jiƙa farin garin nan tare da ƙwallayensa, a dama, a tace. Mai nono shi zuba ludayi biyu. Ƙwame yana da bitamin C da yawa, wanda ke taimakon dasashi da warkewar miki. In mangwaro ya nuna, a matse guda biyu a ciki. Yara ba su barin ko ɗigo.

Damina: hura da kunu

Daga Yuni zuwa Satumba aiki ya fi nauyi, ga shi hatsi ya ragu a rumbu. Mai riƙe da hauya tun safe ba ruwa kaɗai yake buƙata ba, yana son abin da zai riƙe masa ciki. Nan hura da nono ta fi komi: ga gero mai ba da ƙarfi, ga nono mai gina jiki, ga ruwa. Wanda bai da nono shi yi kunun tsamiya ko kunun kanwa. A dama hurar gona da ruwa-ruwa, a sha kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika ciki da mai kauri sai barci gindin itace.

Amma damina ita ce lokacin haɗari. Tabki ya cika, kowa yana ganin ruwa kusa, sai a ɗiba a dama hura. Ruwan sama kuwa ya wanko kashin mutane da na bisashe ya zuba a tabkin. Daga nan zawo ke zuwa. A shekara ta 2021 cutar kwalara, mai sa amai da zawo, ta ɓarke a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, an yi hasarar rayuka. Manya daga cikinmu sun tuna kurkunu, wanda ke kwantar da manomi tsakiyar damina. Da tace ruwa da gina rijiyoyi aka yaƙe shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijar. Sai dai ƙwayar zawo ta fi ta kurkunu ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙyalle ba ya tare ta. Ita sai an tafasa ruwa, ko a sa ƙwayar maganin tsabtace ruwa. Madara ma a tafasa ta kafin a kwantar da ita ta zama nono.

Kaka: zoɓo da aya

Oktoba da Nuwamba an yi girbi, zoɓorodo ya nuna a gefen gonaki. A tsinke shi, a shanya bisa tabarma mai tsabta, a ajiye cikin buhu; yana kaiwa har wata kaka. In za a yi zoɓo, a wanke hannu biyu na busasshe, a sa cikin ruwa lita 3, a jefa citta da kanumfari, a tafasa minti 10. In ya huce a tace, a sa sukari. Mai na'ana'a shi jefa ganye kaɗan. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, saboda haka mai shan maganin wannan ciwo shi gaya wa likita in yana yawan shansa.

Ƙasar Maraɗi, wajajen Agye da Cadawa, ta yi suna a noman aya. A jiƙa aya kwana ɗaya, a wanke ƙwarai, a niƙa da dabino da ɗan citta, a tace. Dabino ya isa, ba sai an sa sukari ba. Amma kunun aya ba ya kwana. Wanda aka yi da safe a shanye shi kafin la'asar. In ya fara yauƙi ko kumfa, a zubar, kada a ce hasara.

Bayan girbi ne ganga ke tashi, ƴan kokowa su shiga fage. Tun 1975, da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, kowane yaro yana mafarkin takobi. To, yaro, ka sha tun awa ɗaya ko biyu kafin ka shiga fage, ka ƙara bayan ka fito. Wanda ya jira sai ƙishirwa ta kama shi, ƙarfinsa ya riga ya ragu.

Ɗari: citta da lemun tsami

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana busawa, leɓe yana tsagewa, maƙogwaro yana kaikayi. Masu aikin garka, irin manoman albasa na Galmi, suna ban ruwa tun da duhu. Cikin sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa, alhali busasshiyar iska tana shanye ruwan jikinsa. Abin shan ɗari shi zan mai ɗumi. A daka citta, a tafasa, a sauke, sa'an nan a matse lemun tsami a sa zuma. Kada a tafasa lemun, zafin wuta yana rage amfaninsa. Mutanen Gulbin Kaba suna da goruba: a daka ɓawonta, a jiƙa ko a tafasa, tana da zaƙinta na kanta. Kunun gyaɗa ma ya dace da safiyar ɗari.

Shayi fa? Ba mu hana ba. Amma ƙananan kofi uku masu sukari ba su maye gurbin ruwa. Shayi bisa abinci kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, don haka mai ciki ta bar tazara tsakaninsu.

Abin kiyayewa

1. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abin sha.
2. A rufe ƙwarya, ƙuda ba ya sallama.
3. Kada a zuba abin sha cikin galan ɗin da aka taɓa sa maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma.
4. Don sanyi, a naɗe gora da jiƙaƙƙen buhu, a rataye a inuwa inda iska ke bugawa.
5. Jariri bai shan komi sai nonon uwa har wata 6. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

Ku lura da fitsari. In ya yi ja kuma kaɗan ne, jiki yana neman ruwa. In aka ga jiri, ciwon kai ko ɗaurewar jijiya, a bar aiki, a shiga inuwa, a haɗa wannan: ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A sha kaɗan-kaɗan. Shi ne kuma ake bai wa mai zawo. Wanda ya suma, kada a ɗura masa komi a baki. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a gaggauta zuwa gidan likita.

Gobe in uwargida ta miƙo gora, a karɓa da godiya.

Tambayoyi

1. Ta yaya randa take kama da jikin mutum?
2. Me ya sa tace ruwa da ƙyalle bai isa ya hana zawo ba?
3. Wane abin sha ne ba ya kwana?
4. Cokali nawa na sukari da na gishiri ake sa wa lita guda?

Aikin gida

Rubuta sunayen lokutan shekara huɗu. Gaban kowanne, rubuta abin shan da ake yi a gidanku da kayan da ake haɗa shi da su.